Daga Bakin Rumfa: Keken 'yan biyu da ƙofar da ban auna ba

Makon jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar kuɗin fito da kaya daga tashar Tema. To ku yi mini afuwa, wata magana ta sha gabanta. Wani ɗan uwa daga Abijan ya turo mini saƙo ta WhatsApp, ya ce iyalinsa ta sauka alhali na farin bai cika shekara biyu ba, yana so ya saya mata keken nan na tura yara mai kujera biyu, wanne zai saya? Na yi dariya ni kaɗai a rumfa har yarona ya waiwayo. Ai ya tambayi wanda keken nan ya taɓa kayarwa ƙasa warwas.

Bara ne 'yata ta biyu, wadda ke aure a Madina nan Akra, Allah Ya sauke ta, 'yan biyu duka maza. Ba da kanta ta haihu ba, aiki aka yi mata. Ta yi arba'in a gidanmu a Nima, uwarta da ƙannenta suna karɓar wannan su miƙa wancan, ba ta san nauyin abin ba. Allurar rigakafi ta sati 6 ma a hannunmu ta same ta, su uku suka tafi asibiti kamar masu rakiyar amarya. Daga nan ta koma ɗakinta. Mijin yaro ne mai hankali, ban da abin faɗa a kansa, amma ɗan hanya ne, albasa yake saukowa da ita daga Nijar. In ya tafi sai ya yi sati biyu, wani lokaci uku.

Ranar allurar sati 10 na kira ta da yamma in ji yadda aka yi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, ban je ba." Ashe ta goya ɗaya, ta rungumi ɗaya, ta rataya jaka mai katin awo da famfas da ruwa, ta fito har bakin gida. Akwai wani katako da aka gitta a kan kwata. Tana ɗaga ƙafa za ta taka sai ta ji ɗinkin ya ja ta, jiri ya kwashe ta. Ta tsaya riƙe da bango, sannan ta juya ta koma ciki. Sai a satin da ya biyo aka yi allurar, shi ma don ƙanwarta ta fasa zuwa makaranta ta raka ta.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da safe na ce wa Hajiya zan saya wa yarinyar nan keke. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, keke kuma? Mu da muka goyi bakwai da zane ɗaya?" Na ce gaskiya ne, amma ki ƙirga mini hannuwan da suka taya ki. Na farkonmu a Kano kika haife shi, a gida mai tsohuwa, mai matan 'yan uwa, mai 'yan mata biyar da ke rububin ɗaukar jariri. Ko da muka zo nan, da ƙanwarki muka zo. Ita wannan fa? Gidan haya ne, maƙwabta mutanen kirki, amma kafin ƙarfe bakwai kowa ya kama gabansa, kasuwa ta kwashe su. Abin da zama a ƙasar wani ya fara raba mu da shi kenan, hannun da zai karɓi yaro. Hajiya ba ta ce na yi gaskiya ba, ta dai ce, "To a sayo mai kyau."

Nan ne na yi wautar. A sayo mai kyau.

Na tafi Lapaz, inda shagunan kayan gwanjo na Turai suke jere a bakin titi, abin da mutanen nan ke kira hom-yus. Ina isa na hango shi. Baƙi, yana sheƙi, tayoyin baya manya masu iska kamar na keken hawa, kujeru biyu gefe da gefe masu laushi kamar na jirgi. Na tura shi a kan simintin shagon da yatsa biyu, ya tafi sumul. Mai shagon ya ga idona ya faɗa, shi kenan ciniki ya lalace tun kafin a fara. Na biya kuɗin da ya kai turmi biyu na atamfa Holan, ina jin kaina kaka na gari. Jama'a, shekara talatin ina sayar da yadi, tef ɗin awo a wuyana yake kwana, ban taɓa yanka wa mutum ko rabin yadi da ka ba. Amma ranar nan ban auna komai ba. Na ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To ranar bai sani ba.

Alamar farko a bakin shagon ta bayyana, na ƙi gani. Tasin da na tsayar irin 'yan ƙananan nan ne, kuma tukunyar gas ta cinye rabin but ɗin. Muka naɗe keken, ya ƙi shiga. Sai da direba ya nemo igiya ya ɗaure, but a buɗe har Madina, ya kuma ƙara mini kuɗi. Da muka isa sai ga ta biyu. Get ɗin gidan babba ne amma kullum a kulle, makullin na hannun mai gida, 'yan haya ta ƙaramar ƙofa suke bi. Muka buɗe keken muka tura, tayoyin baya suka ci karo da ƙarfe hagu da dama. Sai a lokacin na ciro tef daga wuya. Ƙofa santimita 76, keke 81. Santimita biyar kacal, faɗin yatsu uku, amma ko aljani ba zai wuce da shi ba.

Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Baba an gode, Allah Ya ƙara arziki." Kun san kunya irin ta 'ya'yanmu. Ba za ta ce maka abin da ka kawo bai yi ba. Bayan sati uku na je duba su, na tarar da shi a lungu an shanya masa kayan jarirai, taya ɗaya ta sace. Na sa aka kai shi kan sikelin wani mai shinkafa a bakin layi, kilo 17. Ku duba fa, matar da likita ya ce kar ta ɗaga abin da ya fi jaririnta nauyi har sai ɗinki ya warke, ita na kai wa kilo 17, wanda in za ta fita sai ta naɗe shi, ta fitar da shi waje, ta buɗe, ta bar shi a titi, ta koma ta ɗauko yara ɗaya bayan ɗaya. Ni da na je rage mata wahala.

Zuwa na biyu ba daga kasuwa na fara ba, daga ɗakinta na fara. Na ce ta nuna mini hanyar da take bi ranar awo, muka taka ta tare, tef a hannuna, yara na kallona kamar ma'aikacin gwamnati. Ƙofar ɗaki, lungun gida, ƙaramar ƙofar get, katakon kwata, jar ƙasa mai tsakuwa har zuwa kwalta, sannan ƙofar ɗakin awo a asibiti. A nan na gane ƙofofi iri biyu ne. Akwai wadda keke zai iya wucewa a naɗe, kamar ta ɗakin kwana, wannan ba ta da matsala. Akwai kuma wadda dole ya wuce a buɗe da yara a ciki, don uwa ba ta da inda za ta ajiye su. Mafi ƙanƙanta a cikin irin waɗannan ita ce ke yanke hukunci. Ka rubuta faɗinta a takarda, ka rage santimita biyu, abin da ya saura shi ne iyakar kekenka. In ka je shago, wajen tayoyin baya za ka auna, daga waje zuwa waje, don nan ne ya fi faɗi, ba wajen kujeru ba.

Kekunan yara biyu kashi biyu ne. Akwai na gefe da gefe, akwai na gaba da baya kamar fasinjojin babur. Na gaba da baya siriri ne, faɗinsa kusan ɗaya da na yaro guda, duk ƙofar da mutum zai bi zai bi. Amma dogo ne, juya shi a lungu aiki ne, kuma in za ka hau dakali ko bakin titi sai ka danna mariƙi da ƙarfin gaske kafin gaban ya ɗaga, don nauyin yaron gaba ya yi nisa da hannunka. Sannan a yawancinsu kujerar baya ce kawai ke kwanciya sosai. Wannan ya fitar da shi daga lissafinmu, don namu biyun duka jarirai ne.

Maganar kwanciyar kujera a tsaya a kanta, don ba ta ado ba ce. Jaririn da bai kai wata shida ba wuyansa bai tsaya ba. In ka zaunar da shi a kujerar da ta tashi, kansa zai faɗo, haɓa ta dafe ƙirji, numfashi ya takura, kuma ba lallai ya yi kuka ba. 'Yan biyu kuwa galibi ƙanana ake haifarsu, wasu kafin lokaci. Saboda haka kujera ta kwanta shimfiɗe, ko dab da haka, kuma kowace da nata maɓallin, don ɗaya na barci ɗaya na son kallon duniya. Mai shago zai ce maka ai a cusa filo a gyara. Kar ka yarda, filo a kusa da fuskar jariri wata fitinar ce.

Nauyi kuma, kar ka tambayi mai shago, kar ka tambayi kanka. Ka je da matar da za ta yi aiki da shi. Na ɗauki yarinyar muka je tare, uwarta ta zauna da yaran. Duk wanda ya burge mu sai in ce ta naɗe shi da kanta, ta ɗaga, ta taka da shi taku goma. Akwai wanda sai an sa hannu biyu da ƙafa ana kokawa kafin ya naɗe. Akwai wanda ke naɗewa tsaye ya tsuke kamar laima. Irin masu naɗin laimar nan su ne marasa nauyi, ƙarfensu alminiyam ne, ana samun na kilo 10 zuwa 13. Amma ba a samun komai kyauta. Abin da aka rage a nauyi a taya aka rage shi. Wasu tayoyinsu 'yan mitsi-mitsi ne na roba mai tauri, an yi su ne don tayil ɗin manyan kantuna da filin jirgi. Ka sa su a yashin Kwatano ko tsakuwar Madina, sai su kafe kamar jakin da ya ga ruwa. Mu dai muka nemi tsaka-tsaki: taya wadda ta kai tafin hannuna, marar iska don kar a riƙa neman mai faci, ta gaba kuma mai juyawa amma da ɗan makulli da ake tsayar da ita in an shiga hanya marar kyau. Wannan makullin ƙaramin abu ne da mutum ba zai lura da shi ba, amma shi ke hana keke rawar kai a kan tsakuwa.

Yanzu maganar gwanjo. Ni ba na raina gwanjo, rabin zango da shi muka yi rufin asiri, kuma sau da yawa tsohon keke na kamfanin kirki ya fi sabon da ba a san wanda ya ƙera shi ba. Amma kayan yaro ba rigar sanyi ba ne, a juya shi a duba. A jikin ƙarfen ƙasa ko bayan kujera akwai 'yar takarda a manne, mai sunan kamfani da shekarar ƙira da iyakar nauyi. Na Turai za ka ga an rubuta EN 1888, na Amurka ASTM F833, alamar an gwada shi bisa ƙa'idarsu kenan. Yawancin marasa nauyin nan kilo 15 ne iyakar kowace kujera, wato yaro ɗan wajen shekara uku. In babu takardar sam, ko an kankare ta, ni dai wucewa nake.

Shekarar ƙira tana da amfani. A watan Nuwamba na 2009 kamfanin Maclaren ya yi kiranyen kekuna kimanin miliyan ɗaya a Amurka, har da masu kujera biyu, bayan an samu yara 12 da gaɓar da keken ke naɗewa ta datse musu kan yatsa. Kamfanin ya raba wani murfin yadi da ake sa wa gaɓar. Kaya irin wannan ba ɓacewa suke ba, wani ya ajiye a gareji shekaru, wata rana a zuba a kwantena. Kuma ba kamfani ɗaya abin ya shafa ba, duk keken da ke naɗewa yana da baki kamar almakashi. Don haka in ana buɗewa ko ana naɗewa, yaro ya matsa nesa, musamman babban wa mai son taya aiki. In an buɗe kuma a saurari ƙarar "ƙas" ɗin da ke nuna ya kulle, a danna mariƙi a tabbatar kafin a sa kowa a ciki.

Sauran dubawar ta ɗan kasuwa ce, kun fi ni sani. Ka taka birki ka tura da ƙarfi, in taya ta motsa a bar shi. Bel ɗin ɗaure yaro ya zama mai zuwa ta kafaɗu biyu da ƙugu biyu da tsakanin ƙafafu, kan ya kama gam, ba wanda aka ɗaure da zare ba. Ka duba tsatsa a wajen kusoshi, ka duba inda aka yi walda aka shafa fenti, ka shinshina yadin, don kayan da ya daɗe a kwantena yakan yi fumfuna a ƙarƙashin kujera. Mu da muka kawo namu sai da aka kwance yadin aka wanke da sabulu da ruwan zafi, ya kwana biyu a rana.

Wanda muka ɗauka a ƙarshe ba shi da kyan gani ko kaɗan. Ruwan toka ne, rumfarsa ta koɗe. Faɗi 74, nauyi kilo 12, kuɗinsa bai kai rabin na farkon ba. Ya wuce ƙofar get da kyar, kamar mai kuɗi a layin banki, amma ya wuce. Katakon kwatar kuma na sa kafinta ya canza shi da mai faɗi, wanda da shi ya kamata in fara tun kafin in sayi komai.

Abu biyu na gargaɗe ta a kai, kuma ina gargaɗin matanmu duka. Na ɗaya, kar a rataya kaya a mariƙi. Keke marar nauyi ba ya jure wannan. Ki rataya ledar doya da galan ɗin mai, ki ciro yaro ɗaya, sai keken ya tashi ta baya da ɗayan a ciki. Kaya a kwandon ƙasa ake sa su, shi ma daidai misali. Na biyu, kar a lulluɓe keke da zane ko mayafi don rana ko don ido. Na san dalilin, 'yan biyu suna jan jama'a, kowa sai ya leƙa. Mutanen Ga masu garin nan ma har biki suke yi wa tagwaye a lokacin Homowo. Ranar farko da ta fita da su wata tsohuwa ta jefa musu kuɗi a cikin keken, yarinyar ta dawo tana cewa, "Baba, sun ɗauka bara nake." Amma zane in ya rufe keke iska ba ta shiga, ciki ya zama kamar tanda, kuma uwa ba ta ganin fuskar yaro. Rumfar keken ta isa, in ana son ƙari a sa gidan sauro mai raga, a kuma fita da sassafe.

To ɗan uwana na Abijan, naka ya bambanta da namu. Ɗaya jariri, ɗaya ya doshi shekara biyu. In ka sa su gefe da gefe keken zai riƙa ja wajen mai nauyi, uwar ta yi ta kokawa da hannu ɗaya. Na gaba da baya ya fi dacewa da ku, jariri a baya inda kujera ke kwanciya, babban a gaba. Amma kafin ka kashe kuɗi ka yi lissafi. Babban nan da shekara guda zai ƙi zama, zai ce shi tafiya zai yi, ko kuma ya wuce kilo 15 ɗin. In iyalinka lafiyarta ƙalau, bayanta ba ya ciwo, ba aiki aka yi mata ba, ni da zan ba ka shawara sai in ce ka sayi mai kujera ɗaya marar nauyi, babban ya zauna, ƙaramin ya hau baya da zani kamar yadda aka goye mu. Zai shiga kowace ƙofa, zai shiga but ɗin tasi, in za ku gida a mota a naɗe shi a buhu a jefa cikin kaya. In kuwa layinku yashi ne zalla ko a bene na uku kuke ba lif, to ka tambaye ta tukuna, wataƙila abin da take buƙata 'yar uwa ce daga gida da za ta zo ta yi mata wata shida, kuɗin keken ya zama kuɗin mota. Ka tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban mutane ba, don kar ta ce maka an gode.

Allurar sati 14 da ta wata 9 duka ita kaɗai ta kai su, a ranar da aka rubuta a kati. Yanzu sun fara takawa, kuma Hajiya mai goyon bakwai da zane ɗaya, in an kawo mata su ranar Juma'a, ita ce ke tura keken zuwa gidan ƙawarta, a hankali, don layi ya gani. Ta ce a adana shi da kyau saboda Gambo.

Baƙin kuwa yana nan. Na mayar wa mai shagon ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa, ban ga laifinsa ba, ni ma haka nake cewa. Na sa aka yi wa tayar faci, yanzu yarona ke kwaso atamfa da shi daga sito zuwa rumfa, turmi goma sha biyu a tafiya ɗaya, kuma wallahi ban taɓa ganin abin da ke bin ramukan Tudu sumul kamarsa ba. Maƙwabcina mai shadda har ya taya, na ce a bari tukuna. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu sai mu koma Tema.